Yadda Ake Auna Shugabancin Ƙungiyar Maharba da Masu Neman Haƙƙin Riƙe Bindiga

Duk wanda yake da dangi a ƙauyukan bakin daji na ƙasar Bauchi, ko a Duguri da Gwana cikin ƙaramar hukumar Alkaleri, ko a garuruwan Toro da Ningi da suke kewaye da dajin Lame-Burra, ya san cewa maganar bindiga ta daina zama ta mafarauta su kaɗai. Manomin da ke tsoron zuwa gonarsa yana yin ta, makiyayin da aka kore wa shanu yana yin ta, haka ma magidancin da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansar ɗansa. Daga wannan damuwa ce ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, wasu na maharba, wasu na 'yan banga da 'yan sintiri, kuma kusan kowace tana gaya wa 'ya'yanta cewa ita ce za ta tsaya musu a gaban hukuma har a yarje musu riƙe makamin kare kai. Kowace tana karɓar kuɗin rajista, da na katin shaida, da na kaki, da karo-karon wata-wata.

Na yi shekaru ina rubuta wa wata ƙaramar ƙungiyar maharba bayanin taro, domin kawuna yana cikinta kuma yawancin 'ya'yanta ba su yi karatun boko ba. A gabana aka tara kuɗi daga hannun mutanen da suka sayar da akuya da buhun masara, da sunan za a je Abuja a karɓo musu lasisi, kuma har yau babu wanda ya ga lasisin balle kuɗin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a cikinmu duka, har da ni mai riƙe da alƙalami, babu wanda ya nemi rasit a ranar, saboda muna ganin tambayar babba rashin kunya ce. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta hanyoyin da ɗan ƙungiya zai bi ya gane ko shugabanninsa sun cancanci kuɗinsa da amanarsa.

Ka fara da sanin abin da doka ta ce, domin da shi za ka gane shugaba mai gaskiya tun a zaman farko. Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin rayuwa a sashe na 33, ya ba da 'yancin kafa ƙungiya a sashe na 40, amma babu inda ya ba ɗan ƙasa 'yancin mallakar bindiga. Al'amarin makamai da harsasai yana cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. Dokar bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su bindigogin yaƙi da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai Shugaban Ƙasa ne ke da ikon ba da lasisinsu. Kashi na biyu su ne irin bindigogin farauta na kanti, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu ɗurin baki irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke da ikon hana riƙe su ba tare da lasisi ba. Dokar ta hana a ba wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda kotu ta samu da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wata dokar kuma ta 1984, wadda ta shafi fashi da makami, ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba.

Da wannan a zuciyarka, sai ka tambayi shugaban ko katin ƙungiya da kakinta sun isa su zama izinin riƙe bindiga. Idan ya ce sun isa, to ko dai bai san doka ba, ko kuma ya sani yana ɓoye maka, kuma ko wanne ne a ciki kai ne za ka kwana a caji ofis, shi yana gidansa. Haka nan idan ya ce wani gwamna ya ba da izini. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Zamfara ƙarƙashin Bello Matawalle ta yi kira ga jama'arta su nemi lasisin bindiga don kare kansu, amma ba a jima ba Babban Hafsan Tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Shugaba nagari yakan gaya wa mutanensa gaskiyar da ba sa son ji, wato cewa aikin ƙungiya shi ne ta nemi sauyin doka ta hanyar majalisa da kotu, ta kuma taimaka wa 'ya'yanta su tsaya cikin dokar da ake da ita a yanzu.

Bayan haka ka nemi ganin takardar rajistar ƙungiyar da kundin tsarin mulkinta. Ƙungiyoyi irin waɗannan suna yin rajista ne a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta musu ajiye littattafan lissafi da miƙa rahoto duk shekara. Ka duba sunayen amintattun. Idan ka tarar shugaba ne da ƙanensa da surukinsa, ka san cewa dukiyar ƙungiyar tana hannun gida ɗaya. Idan aka ce muku ku reshe ne na wata uwar ƙungiya ta ƙasa, ka nemi takardar da ta tabbatar da haka, ka kuma nemi sanin kason da ake tura wa can daga kuɗinku da abin da ake yi muku a madadinsa.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ƙungiyoyi suke rushewa, manya da ƙanana. Babu misalin da ya fi na ƙungiyar NRA ta Amurka, wadda ita ce mafi suna a duniya wajen fafutikar haƙƙin mallakar bindiga. An kafa ta a jihar New York a 1871, ta tara miliyoyin 'ya'ya, ta kai matsayin da 'yan majalisar Amurka suke shakkar saɓa mata. Mutum ɗaya, Wayne LaPierre, ya riƙe ragamar gudanar da ita tun 1991, wato fiye da shekara 30. A watan Agusta na 2020 babbar lauyar gwamnatin New York, Letitia James, ta kai ƙungiyar da shugabanninta kotu bisa zargin karkatar da kuɗin 'yan ƙungiya zuwa tafiye-tafiye a jiragen sama na shata da sauran jin daɗin shugabanni. Ƙungiyar ta yi ƙoƙarin kauce wa shari'ar ta hanyar bayyana kanta a matsayin wadda ta karye a wata kotu a Texas a watan Janairu na 2021, amma a watan Mayu alƙalin ya yi watsi da buƙatar, ya ce ba da kyakkyawar niyya aka shigar da ita ba. LaPierre ya sanar da murabus ɗinsa a watan Janairu na 2024, 'yan kwanaki kafin a fara sauraron shari'ar, kuma a watan Fabrairu masu taya alƙali yanke hukunci suka same shi da jawo wa ƙungiyar asarar dala miliyan 5.4. Da aka cire abin da ya riga ya mayar, sai aka ce ya biya fiye da dala miliyan 4. Tsohon ma'ajin ƙungiyar, Wilson Phillips, shi ma an ce ya biya dala miliyan 2.

Abin lura ga ɗan ƙungiya a Alkaleri ko Dukku shi ne hanyar da aka bi kuɗin suka zurare. Wani kamfanin talla mai suna Ackerman McQueen, wanda ya daɗe yana yi wa NRA aiki, shi ne yakan biya wasu kuɗaɗen da shugabanni suka kashe, sannan ya aiko wa ƙungiyar takardar neman biya a dunƙule, ba tare da an fayyace abin da aka saya ba. Wannan dabara ce muke gani a nan gida idan ma'aji ya miƙe a taro ya ce an kashe kaza a “zirga-zirga” ko “ganin manya”, ya zauna. Kwamitin gudanarwar NRA yana da mutum 76, amma yawan bai hana komai ba, domin taron da ya yi yawa kowa yakan ɗauka wani ne ke lura, kuma waɗanda suka yi ƙarfin halin tambaya an mayar da su saniyar ware. Ko Oliver North, wanda yake kan kujerar shugaban ƙungiyar a lokacin da LaPierre ke gudanar da ita, sai da ya bar kujerarsa a watan Afrilu na 2019 bayan ya yi saɓani da LaPierre a kan wannan magana ta kuɗi. Duk lokacin da aka ta da zancen, amsar da ake bayarwa ita ce maƙiyan bindiga ne ke neman rusa ƙungiya. Gaskiya ne tana da maƙiya, kuma ita kanta Letitia James ba ta taɓa ɓoye adawarta da ita ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka ga abin da za ka nema a taku ƙungiyar. Ya zama akwai asusu a banki da sunan ƙungiya, kada ka yarda ka tura kuɗi cikin asusun wani mutum komai girmansa a idonka. Ya zama sai mutum biyu ko uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba sun sa hannu kafin a fitar da ko sisi. Kowane kuɗi da ka bayar a ba ka rasit mai lamba, kuma kwafinsa ya zauna a littafi. A kowane taron wata ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa ko Fulfulde ko duk harshen da jama'ar wurin suke ji, ya kuma ɗaga takardar banki kowa ya gani. Sau ɗaya a shekara a zaɓi mutum biyu da ba sa cikin shugabanci, ko da malamin makaranta ne da wani ɗan kasuwa da ya san lissafi, su bi littafin da rasit su kawo rahoto. Gudunmawar da ta zo daga waje, ko babura ne daga ƙaramar hukuma, ko fitilu da takalma daga wani attajiri, ko kuɗi daga ɗan siyasa, ita ma a rubuta ta, a faɗi wanda ya kawo da wanda aka ba. A ƙungiyar da na yi wa rubutu, baburan gudunmawa ne suka fara raba kan mutane, domin an wayi gari uku daga cikinsu suna acaba a gari da sunan 'ya'yan shugabanni.

Tambaya a gaban manya tana da ladabinta, kuma wanda ya yi ta da gatsali yakan ba mai laifi hanyar kuɓuta, domin sai a bar maganar kuɗi a koma maganar rashin kunyarsa. Ka fara samun ma'aji a keɓe ka ce masa, “Malam Ma'aji, ina so in fahimci lissafin watan jiya don in iya yi wa mutanen unguwarmu bayani.” Idan ba ka gamsu ba, ka haɗa kai da mutum uku ko huɗu, har da dattijo guda, ku kawo maganar a taro. Ka miƙe ka yi gaisuwa yadda ta kamata, ka ce, “Ranka ya daɗe Sarkin Baka, ba zargi muke yi ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, muna roƙon a karanta mana littafi domin zukata su kwanta.” Ka tabbata sakatare ya rubuta tambayar da amsar da aka bayar. Shugaban da hannunsa yake da tsabta yakan yi farin ciki da irin wannan roƙo, domin yana wanke shi daga ƙananan maganganun bayan fage.

Game da zaɓe, akwai wani abu da ya kamata mu rarrabe. Sarautar Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ta gargajiya ce, hakimi ko sarki ne ke naɗa ta, kuma ba a yi mata wa'adi. Kujerar shugaban ƙungiya mai rajista, da ta sakatare, da ta ma'aji, su kuwa dole su kasance da wa'adi a rubuce, shekara biyu ko uku, da iyakar yawan zagayen da mutum zai yi. Inda mutum ɗaya ya haɗa rawani da asusu, tambayarsa lissafi takan zama kamar taɓa masarauta, don haka ya fi kyau mai sarauta ya zama uba mai sasanta rigima, a bar kuɗi a hannun waɗanda za a iya saukewa. Ka duba ko kundin ya bayyana yawan mutanen da za su iya kiran taron gaggawa ba tare da yardar shugaba ba. Tarihin NRA ɗin ma ya nuna amfanin wannan, domin a taronta na shekara a birnin Cincinnati a 1977, 'yan ƙungiya na ƙasa ne suka yi amfani da dokokinta suka sauke shugabannin da suke ganin sun kauce wa manufa, suka ɗora Harlon Carter.

Tasiri kuwa ba a auna shi da yawan hira a rediyo ko hotuna da manya a Facebook. A Amurka, shari'ar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fage ita ce ta Heller a 2008, inda Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta tabbatar cewa gyara na biyu na tsarin mulkinsu ya ba mutum ɗaya-ɗaya haƙƙin ajiye bindiga a gidansa. Wani lauya mai suna Robert Levy ne ya ɗauki nauyin shari'ar da kuɗin aljihunsa, a lokacin da NRA take ɗari-ɗari da ita. Shari'ar McDonald ta 2010 kuma wata ƙungiya da ba ta kai NRA girma ba, wadda Alan Gottlieb ya kafa a 1974, ita ta tsaya mata. Adalci ne a faɗi cewa reshen NRA na New York ne ya kai shari'ar Bruen da aka yi nasara a 2022. Sai dai waɗannan nasarori duka sun jingina ne da wani sashe na tsarin mulkin Amurka da aka amince da shi tun 1791, wanda mu ba mu da irinsa, don haka duk shugaban da ke kwafo kalamansu yana karanta muku a taro yana sayar muku da abin da ba zai yi aiki a kotun Bauchi ko Gombe ba.

Namu ma'aunin yana kusa da gida. Ka tambaya, a cikin shekarar da ta wuce, 'yan ƙungiya nawa aka kama, kuma nawa ne shugabanni suka je da lauya suka tsaya musu. Ka tambaya, waɗanda suka rasu ko suka ji rauni a daji wajen bin sawun masu garkuwa da mutane, me aka kai wa iyalansu, kuma daga wane asusu. Ka tambaya ko akwai littafin da aka rubuta sunan kowane maharbi da irin bindigarsa da garinsu, wanda mai unguwa da dagaci suka sa wa hannu, aka kuma kai kwafinsa ga Baturen 'yan sandan yankin. Ka tambaya ko an taɓa rubuta wa Kwamishinan 'yan sanda ko ɗan majalisar mazaɓarku takarda a kan buƙatunku, ka nemi ganin kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Marigayi Ali Kwara na Azare, wanda ya rasu a 2020, ya yi suna a faɗin Arewa wajen farautar 'yan fashi, kuma abin da aka san shi da shi shi ne aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan sanda. Ƙungiyar da ke fita sintiri ba tare da sanin jami'an tsaro ba tana jefa 'ya'yanta cikin haɗari biyu, na ɓarayi da na doka.

Kisan da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta komawa gida hutun Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki, laifi ne da ke wuyan waɗanda suka aikata shi, kuma babu wata takarda da za a ce rashinta ya halatta jinin bayin Allah. Duk da haka, abin ya ɗora wa kowace ƙungiya nauyin da ba za ta kauce masa ba. Idan 'ya'yanta za su yi tafiyar farauta zuwa wata jiha, wajibi ne ta sanar da 'yan sandan inda za su tashi da na inda za su sauka, ta tuntuɓi sarkin Hausawa da ƙungiyar maharban can, ta ba matafiyan takarda da lambar wayar da za a kira a kowane lokaci. Ka tambayi shugabanninku ko sun taɓa yin haka ko sau ɗaya.

Akwai kuma ladabtar da na gida, wanda shi ne ya fi wa shugabanni wuya. Ni ina cikin masu ganin cewa maharbin da aka sani, aka rubuta sunansa, yake amsa kiran hukuma, ya cancanci a saukaƙa masa hanyar lasisi, amma ba na goyon bayan a zuba bindiga a hannun kowa, kuma ƙungiyar da ba ta iya korar ɓata-garin cikinta ita ce ke ba hukuma hujjar ƙin sauraron kowa. Ka bincika ko an taɓa dakatar da wani saboda ya shiga gandun Yankari farautar da doka ta hana, ko saboda ya karɓi kuɗi a hannun wanda ake zargi, ko ya daki wanda aka kama maimakon miƙa shi ga 'yan sanda, ko ya tsangwami wani don ƙabilarsa kawai. Ka kuma sa ido sosai idan zaɓe ya matso. Sashe na 227 na tsarin mulki ya haramta wa kowace ƙungiya horar da mutane ko ba su kayan aiki don amfani da ƙarfi wajen cim ma burin siyasa, kuma mutanen Bauchi da Gombe sun ga abin da Sara-Suka da 'yan Kalare suka zama bayan 'yan siyasa sun gama amfani da su. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, saboda haka kafin a karɓi motar sintiri daga hannun ɗan takara, a tsaya a gaban taro a tambayi abin da yake so a yi masa da ita.

Idan ka bi waɗannan hanyoyi aka ƙi nuna maka littafi, ka dakatar da biyan kuɗi, ka rubuta dalilinka a takarda ka ba sakatare, ka ajiye kwafi. Daga nan ku kai kuka gaban hakimi, domin sau da yawa kiransa kaɗai yakan sa a fito da abin da aka ɓoye. Kuɗin da aka karɓa kuma da sunan lasisin da ba a kawo ba magana ce ta zamba da za a iya kai wa 'yan sanda. Ku tafi da rasit ɗinku, da kwafin bayanin taron da aka yi alkawarin a cikinsa, da sunayen waɗanda suka yarda su ba da shaida.